Ƙwayoyin nano na enzim da ake haɗawa da hasken gamma: yadda ake yin su, amfaninsu da iyakarsu

Ƙwayoyin nano na enzim wasu ƙananan curi ne da ake samu idan aka manne molekul na enzim da juna har suka dunƙule wuri guda, girmansu bai wuce ƴan nanomita ba. Da Faransanci ana kiran su nanoparticules d'enzymes. Hanyar da aka saba bi wajen haɗa irin waɗannan ƙwayoyi ita ce a zuba wani sinadari mai manne furotin, sai dai galibin sinadaran nan guba ne ga jikin mutum. Daga farkon shekarun 2010, masu bincike a Ajantina, Barazil da Polan sun nuna cewa ana iya yin wannan aiki da hasken gamma ko da feshin elektron, ba tare da an zuba sinadarin mannewa ba. Enzim ɗin da aka fi gwada wannan dabara a kansa shi ne papayin, wanda ake samu daga ƙaron ɗanyar gwanda.

An daɗe da sanin cewa irin wannan haske yana lalata furotin. Abin da binciken ya fito da shi shi ne, idan aka daidaita yawan hasken, da yawan alkol ɗin da ke cikin ruwan, da sanyi, da irin iskar da ke cikin kwalbar, to hasken zai ɗinke molekul ɗin da juna fiye da yadda zai yayyaga su, kuma ya rage ƙwayoyin cuta a lokaci guda. Har yanzu dai aikin yana matakin labo, bai zama maganin da ake saye a farmasi ba.

Mene ne enzim, mene ne papayin

Enzim wani sinadari ne da halittu masu rai ke ƙerawa a jikinsu domin ya hanzarta wani aiki, shi kuwa ba ya ƙarewa a cikin aikin. Yawun bakin mutum yana da enzim mai narkar da sitaci, shi ya sa idan aka daɗe ana tauna tuwo ko burodi ake jin ɗan zaƙi. A cikin ciki akwai wani mai narkar da nama. Kusan duka nau'o'in enzim furotin ne, abin da Ba'amurke James Sumner ya tabbatar a 1926, ya kuma samu kyautar Nobel a kai a 1946. Furotin kuwa doguwar sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, wadda take nannaɗewa ta ɗauki wata siffa ta musamman. Aikin enzim ya dogara ne kacokan ga wannan siffa. Idan ta warware, enzim ya mutu, ko da sarƙar ba ta tsinke ba.

Papayin yana cikin farin ruwan nan mai kama da nono da ke fita idan aka tsaga bawon ɗanyar gwanda. Aikinsa yanka wasu furotin gunduwa-gunduwa. Wannan ne dalilin da ya sa nama mai tauri ke laushi idan aka naɗe shi da ganyen gwanda ko aka jefa yankin ɗanyar gwanda a tukunya. Faransawa biyu, Wurtz da Bouchut, su ne suka ware shi suka raɗa masa suna a 1879. A 1968 ƙungiyar Jan Drenth a Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan ta gano cikakkiyar siffarsa. Sarƙa guda ce mai amino asid 212, kuma bakin wuƙarsa yana wurin amino asid na 25, wanda ake kira sisteyin, mai ɗauke da atam na farar wuta.

Ana samun papayin na kasuwa ta hanyar yi wa ɗanyar gwanda tsaga marar zurfi tun tana kan bishiya, galibi da sassafe, a tara ƙaron, a busar da shi da zafi kaɗan, sannan a tace. Masana'antu suna amfani da shi wajen laushin nama da jima. A fannin lafiya kuwa, ma'aikatan jinya a Barazil sun shiga amfani da shi wajen wanke miki tun shekarun 1980, domin yana narkar da mataccen nama da ya rufe ciwo. A can ana sa mai kashi 2 cikin 100 ga mikin da ya fara tsiro sabon nama, mai kashi 10 cikin 100 kuma ga mikin da ya yi baƙin ɓawo.

Dalilin dunƙula enzim

Papayin yana da rauni guda uku da ke hana shi zama magani mai daɗewa. Na farko, da yake shi ma furotin ne, idan ya zauna cikin ruwa sai molekul ɗinsa su riƙa cin junansu. Na biyu, sisteyin ɗin da ke bakin wuƙarsa ba ya jure iskar oksijen, da zarar sun haɗu sai kaifin ya dakushe. Na uku, zafi da daɗewa suna warware siffarsa. Saboda haka asibitocin da ke amfani da shi sukan haɗa ruwan maganin ne daf da lokacin wankin ciwo, ko su ajiye man a firiji na ɗan lokaci kawai. A ƙasashe masu zafi da ƙarancin lantarki, wannan babbar matsala ce.

Idan aka ɗaure molekul kaɗan da juna, kowanne yana tokare ɗan'uwansa, sai warwarewa ta yi wuya. Kamar kara ne: guda ɗaya yaro ma zai karya shi, amma dami sai da gatari. Sai dai ana so damin ya kasance ƙarami ƙwarai, domin idan curin ya yi girma, molekul ɗin da ke can tsakiya ba za su kai ga abin da ake so su narkar ba, kuma curin zai kwanta a ƙasan kwalba.

A nan ne ma'aunin nano ya shigo. Nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya idan aka raba mita gida miliyar ɗaya. Kaurin gashin kai guda yana kai nanomita 80,000 zuwa 100,000. Jar ƙwayar jini tana da faɗin nanomita kusan 7,000. Molekul ɗin papayin shi kaɗai bai wuce nanomita 3 zuwa 4 ba. Girma yana da tasiri a cikin jiki: abin da bai kai nanomita 6 ba ƙoda tana saurin tace shi ya fita da fitsari, abin da ya yi girma da yawa kuma hanta da saifa suna kama shi. Don haka mai haɗa magani yana bukatar ya iya zaɓen girman da yake so, kuma ya riƙa samun wannan girman a duk lokacin da ya maimaita aikin.

Tsohuwar hanya da matsalarta

Tun shekarun 1970 ake haɗa ƙwayoyin nano daga furotin irin su jelatin da albumin, wato furotin ɗin da ya fi yawa a cikin ruwan jini. Ana narkar da furotin cikin ruwa, a riƙa ɗiga alkol a hankali. Alkol yana janye ruwan da ke lulluɓe da kowane molekul, sai su matso kusa da juna su yi curi. Amma wannan curin na wucin gadi ne, da an ƙara ruwa sai ya watse. Don ya tabbata, sai a zuba gulutaraldehid, sinadari mai hannu biyu da ke kama wannan molekul da hannu ɗaya, ya kama wancan da ɗayan.

Gulutaraldehid sananne ne a asibitoci, da shi ake jiƙa wasu kayan aiki don kashe ƙwayoyin cuta. Yana ƙona fata da ido, yana kuma iya jawo ciwon asma ga ma'aikatan da ke shaƙarsa. Duk maganin da aka haɗa da shi sai an yi ta wanke shi har a tabbatar ba sauran burbushi, kuma kowane wanki yana cin lokaci da kuɗi, ana kuma asarar wani ɓangare na furotin ɗin. Bayan haka kuma sai an sake neman hanyar kashe ƙwayoyin cuta, alhali ba a iya dafa enzim a tukunyar tururi kamar yadda ake yi wa almakashi.

Irin hasken da ake amfani da shi

Hasken gamma dangin hasken rana ne da na hoton ƙirji, amma ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, yana ratsa kwalba da kwali da ruwa. A masana'antu ana samun sa daga kobal-60, wanda ake ƙerawa ta hanyar ajiye ƙarfen kobal-59 a cikin tukunyar nukiliya na tsawon lokaci. Kanada, Rasha da Ajantina suna cikin ƙasashen da ke samar da shi. Ƙarfin kobal-60 yana raguwa da rabi duk bayan shekara 5.27, wato kusan kashi 1 cikin 100 kowane wata. A manyan cibiyoyi ana ajiye sandunansa a ƙasan wata rijiya mai zurfin mita da yawa, cikin ɗaki mai bangon kankare kusan mita 2. Sai an shigar da kaya an kulle ƙofa sannan a ɗago sandunan daga ruwa.

Hanya ta biyu ita ce na'ura mai harba elektron da ƙarfin lantarki. Ba ta bukatar wani ƙarfe mai haske, idan aka kashe wuta komai ya tsaya. Tana bayar da adadin da ake so cikin daƙiƙoƙi, yayin da gamma kan ɗauki awoyi. Rauninta shi ne elektron ba ya ratsa abin da ya wuce ƴan santimita.

Ana auna adadin hasken da abu ya sha da ma'aunin gire (Gy), wanda aka sa wa sunan masanin Ingila Louis Harold Gray. Gire ɗaya shi ne jul ɗaya na makamashi a kan kilo ɗaya. Gire 4 zuwa 5 a jikin mutum gaba ɗaya yana iya kashe kusan rabin waɗanda suka sha shi idan ba a yi musu magani ba. Gashin ciwon kansa kan kai gire 60 zuwa 70 a kan ƙarin kawai, ana rarraba shi cikin makonni. Wajen haɗa ƙwayoyin nano kuwa, adadin da aka fi amfani da shi shi ne kilogire 10, wato gire 10,000. Duk da yawan nan, zafin da yake ƙara wa ruwa bai kai digiri 2 da rabi ba. Wannan ne ya sa hanyar ta dace da enzim, wanda ba ya son zafi.

Abin da ke faruwa a cikin kwalba

A cikin ruwan da aka narkar da papayin, furotin ɗin kashi 1 ne kawai cikin 100 ko kusa da haka. Saboda haka yawancin hasken ba ya faɗa wa enzim kai tsaye, ruwan yake faɗa wa. Yana farfasa molekul na ruwa, sai a samu wasu gutsattsari da ake kira radikal, waɗanda ba sa iya zama su kaɗai, dole su cafke duk abin da ke kusa cikin ƙiftawar ido. Mafi zafinsu shi ne radikal na hidroksil. Akwai kuma sakakkun elektron da atam na hidrojen.

Idan papayin yana cikin ruwa zalla, radikal ɗin nan suna afka masa ta ko'ina, su tsinka sarƙar, su kashe sisteyin ɗin bakin wuƙa, ko su manne molekul barkatai. Zuba alkol, wato etanol, shi ke sauya labarin, domin yana yin aiki biyu. Yana tura molekul ɗin su taru cikin ƙananan curi kamar yadda yake yi a tsohuwar hanya. Sannan yana shanye mafi yawan radikal na hidroksil, ya mayar da su wasu radikal masu sauƙin kai. Ke nan hasken yana iske molekul ɗin a jere kusa da juna, kuma ƙarfinsa ya ragu yadda zai fi ɗinki fiye da yanka.

Wani ɗinkin da aka tabbatar da samuwarsa yana faruwa ne a wurin amino asid mai suna tirozin, wanda papayin ke da guda 19. Idan radikal ya fizge atam na hidrojen daga tirozin na wannan molekul, haka ma ya faru da na maƙwabcinsa, sai su biyun su haɗe da ɗauri mai ƙarfi wanda ake kira bitirozin. Wannan ɗauri ba baƙo ba ne a halitta, ana samun sa a cikin wani furotin mai talewa da ke jikin fikafikan ƙwari. Masu bincike sun sha bamban kan ko bitirozin ne babban abin da ke riƙe curin, musamman a albumin, ko kuwa wasu ɗaurin da radikal na alkol ke haifarwa ne suka fi yawa. Abin da suka yi ittifaƙi a kai shi ne, bayan haskawa, ko an ƙara ruwa an cire alkol, curin ba ya watsewa.

Matakan aiki da hanyoyin tabbatarwa

Tsarin da aka bayyana a ayyukan Barazil yana da sauƙin faɗi. Ana narkar da tataccen papayin, kimanin miligiram 10 a kowane mililita, cikin ruwan fosfat mai riƙe ma'aunin pH kusa da 7, wato ba tsami ba kanwa. Ana ɗiga etanol a hankali cikin sanyin ƙanƙara, daga kaɗan har zuwa kusan kashi 35 cikin 100, gwargwadon girman da ake nema. Ana barin haɗin ya huta a sanyi, a rufe kwalba, a kai ɗakin haskawa. Bayan an fito da ita, ana iya cire alkol ɗin, a daskarar da ruwan a busar da shi ya zama gari.

Daga nan sai gwaji iri uku. Ana auna girma da wata na'ura mai haska ruwan da leza, tana lura da kai-komon ƙwayoyin: ƙanana suna saurin motsi, manya suna jan jiki. Ana gane bitirozin da ƙyallinsa, domin idan aka haska shi da hasken ultrabayolet mai tsawon zango kusan nanomita 325, yana mayar da wani haske a kusan nanomita 400. Gwaji na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne ko enzim ɗin yana aiki. Ana ba shi wani sinadari marar launi mai suna BAPA, idan ya yanka shi sai ruwan ya koma rawaya, kuma ƙarfin launin shi ke nuna yawan kaifin da ya rage.

Tarihin binciken

Tunanin yin ɗinki da kashe ƙwayoyin cuta a mataki ɗaya ya girmi ƙwayoyin nano. A shekarun 1980, Janusz Rosiak na cibiyar nazarin sinadarai da haske a Jami'ar Fasaha ta Lodz, a Polan, ya ƙirƙiro wani abin rufe ciwo mai kama da kitse mai sanyi, wanda mafi yawansa ruwa ne. Ana zuba haɗin a ruwa-ruwa cikin ledarsa, a liƙe, a haska, sai ya fito a daskare kuma a tsarkake. Wannan kaya ya shiga kasuwa, ana amfani da shi ga ƙuna da miki, kuma an kwaikwayi fasahar a ƙasashe da dama, ciki har da Barazil.

A 2012 ƙungiyar Mariano Grasselli a Jami'ar Ƙasa ta Quilmes, kusa da Buenos Aires, ta wallafa sakamakon haska albumin na jinin shanu cikin ruwa da etanol. An samu ƙwayoyi masu girman nanomita 20 zuwa 40, alhali molekul ɗin albumin shi kaɗai bai wuce kusan 7 ba. A 2014 Gustavo Varca da Ademar Lugão tare da abokan aikinsu na IPEN, cibiyar binciken makamashi da nukiliya da aka kafa a Sao Paulo a 1956, suka gwada dabarar a kan papayin. Wannan ya fi na albumin wuya, domin albumin idan siffarsa ta ɗan sauya yana iya ci gaba da ɗaukar kaya, amma enzim da ya rasa kaifi ba shi da sauran amfani.

A 2016 masu binciken IPEN da na Lodz suka wallafa aikin haɗin gwiwa da aka yi da feshin elektron. Sun samu ƙwayoyin papayin masu girman nanomita 6 zuwa 11, gwargwadon yawan haske da na etanol. Sun kuma nuna cewa irin iskar da ke cikin kwalbar tana da tasiri: idan aka kore iskar da muke shaƙa aka cika da argon ko protoksid na azot, papayin ya fi riƙe kaifinsa. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, AIEA, ta haɗa waɗannan cibiyoyi da wasu a cikin shirye-shiryenta na binciken haɗin gwiwa kan ƙwayoyin nano masu ɗaukar magani.

Abin da ake fatan yi da su

Amfani na farko da ake hange shi ne jinyar miki mai wuyar warkewa: ƙafar mai ciwon sukari, ciwon kwanciya, da ƙuna. Manufar ita ce a sa ƙwayoyin papayin a cikin irin abin rufe ciwon nan na Rosiak, yadda za su riƙa fita a hankali suna cin mataccen nama, ba sai an yi ta kankara da wuƙa ba. Amfani da enzim na tsiro wajen wannan aiki ba mafarki ba ne: NexoBrid, wanda ake haɗawa da enzim daga kututturen abarba, ya samu izinin Tarayyar Turai a 2012 da na Amurka a 2022 domin cire ɓawon ƙuna mai tsanani.

Na biyu shi ne ɗaukar wani magani zuwa inda ake so. A nan albumin ne ya fi dacewa, kuma akwai misalin da ya yi nasara. Abraxane, maganin kansa da aka naɗe cikin ƙwayoyin albumin masu girman nanomita kusan 130, ya samu izini a Amurka a 2005. Ba da haske ake haɗa shi ba, da matsi ne, amma ya nuna cewa jiki yana karɓar irin wannan abin ɗaukar kaya. A Quilmes an kuma gwada lulluɓe ƙwayoyin zinariya da albumin ta hanyar haskawa. Na uku shi ne binciken cuta: ana liƙa wa ƙwayoyin wani sinadari mai haske na ɗan lokaci, kamar teknesiyom-99m wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi cikin awa 6, a bi sawunsu da kamara a ga inda suka taru a jiki.

Iyaka da haɗari

Tambayar da jama'a suka fi yi ita ce ko abin da aka haska yana ɗaukar hasken nukiliya. Ba ya ɗauka. Ƙarfin gamma na kobal-60 bai kai ya taɓa cibiyar atam na ruwa ko na furotin ba, kuma kwalbar ba ta taɓa ƙarfen. Haka yake ga elektron idan ƙarfinsa bai wuce iyakar da ƙa'ida ta gindaya ba. Sirinji da safar hannu da yawa da ake amfani da su a asibitoci da wannan haske aka tsarkake su. A 1980 kwamitin ƙwararru na FAO, AIEA da OMS ya yanke cewa abincin da aka haska har zuwa kilogire 10 ba shi da guba.

Matsalolin gaskiya suna wani wuri. Na farko, duk yadda aka kiyaye, wani ɓangare na kaifin enzim yana tafiya, kuma asarar tana ƙaruwa da yawan haske. Na biyu, adadin da ya dace da ɗinki ba shi ne lallai ya dace da tsarkakewa ba. Adadin da aka saba amfani da shi wajen tsarkake kayan asibiti kilogire 25 ne. Ƙa'idar ISO 11137 ta yarda a yi ƙasa da haka, amma sai an nuna da hujja cewa ƙwayoyin cutar da ke cikin kayan tun farko kaɗan ne, har yiwuwar samun mai rai ba ta wuce ɗaya cikin miliyan ba. Don haka maganar mataki ɗaya tana tabbata ne kawai idan an haɗa ruwan cikin tsafta mai tsanani.

Na uku shi ne borin jini. Papayin baƙon furotin ne ga jikin mutum, kuma wasu, musamman waɗanda jikinsu ba ya son roba, yana tayar musu da rashin lafiya mai haɗari. A 2008 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta umarci kamfanoni su daina sayar da mayukan papayin na shafawa da ba su da izini, bayan rahotannin faɗuwar bugun jini da saurin bugun zuciya, tare da cewa ba a gabatar mata da hujjar ingancinsu ba. Dunƙula papayin ba ya kawar da wannan haɗari kai tsaye. Masana magunguna ma sun san cewa curin furotin wani lokaci ya fi tsokanar garkuwar jiki fiye da molekul guda. Dole a gwada wannan a dabbobi sannan a mutane, mataki bayan mataki, abin da kan ɗauki shekaru.

Na huɗu shi ne yawa. Abin da ya yi kyau a kwalbar mililita kaɗan ba lallai ya yi haka a tanki ba, domin hasken da gefen tanki ke sha ya fi na tsakiya, girman ƙwayoyin kuma zai bambanta. Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Duk wanda ya tallata wani man gwanda ko garin ganye da sunan maganin nano na warkar da miki, a tambaye shi lambar izinin hukumar magunguna. Zuba ɗanyen ƙaron gwanda a buɗaɗɗen ciwo ma ba shi ne wannan ba: ba a san ƙarfinsa ba, ba a tsarkake shi ba, yana iya ƙona lafiyayyar fata.

Inda batun ya shafi Afirka ta Yamma

Abubuwa biyu da aikin ke bukata, gwanda da wurin haskawa, duka akwai su a yankin, amma ba a haɗe suke ba. Nijeriya tana cikin manyan masu noman gwanda a duniya, ana kuma shuka ta a garake da lambunan kudancin Nijar. Sai dai gwandar ci ce, ba a tatsar ƙaronta a tace shi ya kai matsayin magani. Ghana tana da cibiyar haskawa da gamma a Kwabenya, kusa da Akara, tun 1994, Nijeriya kuma tana da tata a Sheda, kusa da Abuja. Ana amfani da irin waɗannan cibiyoyi wajen adana abinci da tsarkake kayan asibiti.

A Nijar akwai Institut des Radio-Isotopes a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, kuma cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa ta fara gashi da kobal-60 a 2021. Na'urar gashi ba ta dace da wannan aiki ba, domin tana bayar da gire ɗaya ko biyu ne a minti, kilogire 10 zai cinye kwanaki ana hana marasa lafiya layi. Hanyar da ta fi kusa ga ɗalibin sinadarai ko na haɗa magunguna da ke son shiga fannin ita ce yarjejeniyar AFRA, wadda ta haɗa ƙasashen Afirka a ƙarƙashin AIEA tun 1990, kuma take bayar da horo da damar amfani da kayan aikin wata ƙasa. Tace papayin daga gwandar gida da auna kaifinsa da BAPA aiki ne da labo na jami'a zai iya yi ba tare da kobal ba, kuma shi ne mataki na farko kafin a kai kwalba ɗakin haskawa.